Renon Yaro Mai Otizim: Abin da Kimiyya ta Gano da Inda Iyaye za su Nemi Taimako

Gabatarwa

A garuruwanmu da ƙauyukanmu akan sami yaron da ya kai shekara uku ko huɗu bai fara magana ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da an kunna injin niƙa a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya dinga ihu. Ba ya shiga cikin yara wasa. Ya fi son ya zauna shi kaɗai yana jera marafan kwalba, in aka gusar da guda ɗaya ran kowa sai ya ɓaci a gidan. Wasu su ce kurma ne, wasu su ce shafar aljanu ce, wasu kuma su ɗora wa uwar laifin sangarta shi. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna da lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda kafofin watsa labarai na Hausa kan kira galahanga.

A wannan maƙala za mu duba yadda lalurar take, da abin da ilmin halitta ya gano game da tushenta, sannan mu nuna abin da iyaye da malamai za su iya yi. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, ba iyaye ne suka jawo wa yaron lalurar ba, kuma su ne suka fi kowa damar taimakonsa idan an koya musu yadda za su yi.

Mece ce otizim?

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke tsirowa da haɗa sassanta, wanda ke farawa tun yaro yana ciki, ya kuma zauna da mutum tsawon rayuwarsa. Ana gane shi ta fuska biyu. Ta farko ita ce wahalar cuɗanya da sadarwa: jinkirin magana, rashin nuna abu da yatsa, da wuyar fahimtar abin da fuska ko murya ke nufi. Ta biyu ita ce maimaita abu ɗaya da tsananin son tsari: kaɗa hannuwa, jujjuya jiki, nanata maganar da aka faɗa masa, ƙin sauya hanya ko abinci, da jin ƙara ko haske ko taɓawa fiye da yadda sauran mutane ke ji.

Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ne ya bayyana lalurar dalla-dalla a shekarar 1943, bayan ya nazarci yara 11. A 1944 Hans Asperger ya rubuta game da wasu yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya masu irin wannan hali amma masu iya magana. A 1979 Lorna Wing da Judith Gould suka gudanar da bincike a Landan wanda ya nuna cewa lalurar hawa-hawa ce. Akwai wanda ba zai taɓa magana ba, yana bukatar kulawa dare da rana. Akwai kuma wanda zai yi karatu mai zurfi. Temple Grandin, wadda ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a Amurka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum 1 cikin kowane 127 a duniya yana da otizim, kuma an fi gano shi a maza fiye da mata. Ba lalurar Turawa ba ce kawai: tun 1978 Victor Lotter ya wallafa rahoton yara masu ita da ya samu a wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Nijeriya da Gana.

Laifin wa?

Shekaru da dama iyaye mata a Turai da Amurka sun sha zargi. Bruno Bettelheim ya yaɗa ra'ayin cewa rashin ƙaunar uwa ne ke sa yaro ya janye daga mutane, musamman a littafinsa na 1967. An raba yara da iyayensu saboda wannan ra'ayi, kuma bincike ya rushe shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga tagwaye. Ɗalibin ilmin halitta ya san tagwaye iri biyu ne: waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya da ya rabu, ƙwayoyin gadonsu duk iri ɗaya, da waɗanda suka fito daga ƙwai biyu, masu tarayya a kimanin rabin ƙwayoyin gado kamar sauran 'yan'uwa. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka nazarci tagwaye 21 a Ingila waɗanda aƙalla ɗaya daga cikinsu yake da otizim. A cikin 11 'yan ƙwai ɗaya, an sami 4 da duka biyun ke da lalurar. A cikin 10 'yan ƙwai biyu, ba a sami ko ɗaya ba. Dukansu uwa ɗaya ta goye su a gida ɗaya, don haka da reno ne sanadi da ba a ga wannan bambanci ba. Wani babban bincike na 2019 da ya ƙunshi yara kimanin miliyan 2 a ƙasashe biyar ya nuna cewa gado ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na yiwuwar samun lalurar.

Ba ƙwayar gado ɗaya ba ce. An gano fiye da 100 masu hannu a ciki. Da yawansu aikinsu gina mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya ne, wato 'yan wuraren da saƙo ke tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya a cikin ƙwaƙwalwa. Wasu sauye-sauyen an gaje su daga iyaye masu ƙoshin lafiya, wasu kuma sababbi ne da suka auku a ƙwan uwa ko maniyyin uba. Akwai kuma abubuwan da ke ƙara yiwuwar lalurar, kamar haihuwar bakwaini, da manyantar iyaye, da shan maganin farfaɗiya mai suna valproate lokacin goyon ciki. Mace mai shan wannan magani kada ta daina da kanta. Ta tuntuɓi likitanta tun kafin ta ɗauki ciki.

Allurar rigakafi fa? A 1998 Andrew Wakefield ya wallafa rahoto kan yara 12 a mujallar Lancet yana danganta otizim da allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela. An gano akwai maguɗi a aikin; a 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita. Binciken da aka wallafa a 2019 kan yara fiye da 650,000 a Denmak bai sami wata alaƙa ba. Hana yaro rigakafi ba ya kare shi daga otizim, sai dai ya bar shi a hannun ƙyanda.

Alamomin da za a lura da su

Kafin yaro ya cika shekara uku ƙwaƙwalwarsa ta kai kimanin kashi 80 cikin 100 na girman ta babba, kuma a wannan lokaci ne mahaɗan jijiya suka fi saurin ƙulluwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata a kai yaro asibiti idan ya shekara ɗaya ba ya gwalantu, ba ya amsa sunansa, ba ya ɗaga hannu a ɗauke shi. Ko ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya. Ko wata 18 ba ya nuna wa uwarsa abu da yatsa don ta gani. Ko shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba. Haka nan yaron da ya fara magana sannan ta ɗauke, ko shekarunsa nawa.

Akwai abin lura a nan. Littattafan likitanci na ambaton rashin haɗa ido, alhali a tarbiyyar Bahaushe yaro mai ladabi ba ya ƙura wa babba ido. Don haka ba a gaban baƙo ko malami za a auna wannan ba. A duba ko yana kallon fuskar mai goyonsa lokacin wasa, ko yana kawo abin da ya tsinta ya nuna, ko yana kwaikwayon yayyensa.

Matakin farko a asibiti shi ne gwajin ji, domin kurumta ma tana hana magana. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da otizim. Likita yana dogara ne ga kallon yaron da kuma bayanin iyaye. Saboda haka yana da amfani a rubuta abin da ake gani kullum, ko a ɗauki gajeren bidiyo da waya. Ana iya farawa daga sashen yara na babban asibiti mafi kusa, daga nan a tura mutum asibitin koyarwa kamar na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri.

Gida ne makarantar farko

Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke warkar da otizim. Duk wanda ya ce zai kawar da shi a kan kuɗi kaza, a yi hattara da shi. Magani yana aiki ne a kan lalurorin da kan zo tare da shi, kamar farfaɗiya da rashin barci. Duka da ɗauri da kulle a ɗaki kuwa ba abin da suke ƙara wa yaron sai firgita.

Abin da bincike ya tabbatar yana taimakawa shi ne koyarwa. A 2010 Jonathan Green da abokan aikinsa a Ingila suka wallafa sakamakon gwaji kan yara 152 'yan shekara biyu zuwa huɗu. An riƙa ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da yaron, sannan a zauna da su a nuna musu inda yaron ya yi yunƙurin sadarwa ba su lura ba. Da aka sake duba yaran bayan kimanin shekara shida, aka ga alamomin lalurar sun fi sauƙi a waɗanda aka horar da iyayensu. A 2016 aka wallafa gwajin irin wannan hanya kan yara 65 a Indiya da Pakistan, inda ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba suka horar da iyaye, mu'amalar iyayen da yaran kuma ta inganta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tsarin horar da masu reno a 2022, mai zama tara na rukuni da ziyarar gida uku.

Darussan ba su bukatar kayan tsada. A sauko daidai tsayin yaron, a shiga wasan da shi ya zaɓa. A yi magana gajeriya: “ruwa”, “ga ruwa”, sannan a dakata a ba shi lokacin amsawa. A riƙe kofi da ƙosai a bar shi ya zaɓa. Wanda ba ya magana a koya masa miƙa hoto ko yin alama. Wannan ba ya hana magana zuwa. A tsayar da lokacin wanka da abinci da barci, a sanar da shi kafin a sauya wani abu. Idan ya birkice, a nemi abin da ya faru kafin nan: yunwa, ƙara, ciwo, ko cunkoso. A rufe rijiya da ƙofar gida, domin da yawansu kan fice ba tare da sanin haɗari ba, kuma nutsewa a ruwa na cikin manyan abubuwan da ke halaka su.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Tarihin Donald Triplett, yaro na farko a rahoton Kanner, abin nazari ne. An haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari a jihar Misisifi. An kai shi gidan kula da yara a 1937, amma bayan shekara guda iyayensa suka dawo da shi gida, mahaifinsa kuma ya rubuta wa Kanner wasiƙa mai shafi 33 game da halayensa. Daga baya ya zauna shekara huɗu wurin wani manomi da matarsa. Da suka ga yana son ƙirga, sai suka sa shi ƙirga kunyoyin masara yayin da yake huɗarsu. Ya gama kwaleji, ya yi aiki a banki, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Iyayensa masu hali ne, wannan ya taimaka. Amma abin da manomin ya yi, wato mayar da sha'awar yaro ta zama aiki, ba ya bukatar dukiya.

Iyaye ma suna bukatar tallafi. Uwa mai irin wannan yaro takan rasa barci, ta daina zuwa biki da suna don gudun surutu. Wajibi ne uba da kakanni da yayye su karɓe ta ko da na 'yan sa'o'i ne, a kuma daina zarginta. Haɗuwa da wasu iyaye masu irin wannan jarrabawa tana rage kaɗaici. Iyaye ne, ciki har da Lorna Wing wadda 'yarta ke da lalurar, suka kafa babbar ƙungiyar otizim ta Birtaniya a 1962. Iyaye biyar da suka haɗu a layin asibiti za su iya fara tasu. Su kuma sani cewa dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairun 2019, ta ba 'ya'yansu haƙƙin ilmi.

Malami kuwa ya zaunar da yaron a gaba, nesa da taga da hayaniya, ya ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ya zana jadawalin yini a allo, ya yaba masa nan take idan ya yi daidai. Ɗalibai su hana tsokana, su raka shi gida, su sa shi cikin wasa gwargwadon yadda yake so.

Kammalawa

Mun ga cewa otizim ya samo tushe ne daga ginin ƙwaƙwalwa da gado, cewa ana iya lura da shi kafin shekara biyu, kuma horar da iyaye yana sauya rayuwar yaro. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kai game da lalurar, an kuma fara bikinta a 2008. Muna kira ga ƙungiyoyin kimiyya na makarantunmu da su yi amfani da wannan rana su gayyato likita ko ma'aikacin jinya ya yi wa ɗalibai da iyaye bayani, domin ɗalibin da ya san alamomin nan yana iya zama sanadin kai ƙaninsa ko ɗan maƙwabcinsu asibiti a kan lokaci.