Tayim: Ganyen ƙamshin da ake saye a ƙunshi alhali rairayin Mayahi zai iya fitar da shi

Duk uwargidan da ta taɓa dafa shinkafar biki ko ta soya naman layya ta san kori da tayim. A kasuwannin Mayahi da Tasawa, masu tebur ne ke sayar da shi busasshe a ƙananan ƙunshi, galibi daga hannun 'yan kasuwar da ke saro kaya a Najeriya.

Lokacin da aka rufe iyakar ƙasashen biyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kafin a sake buɗe ta a watan Maris na 2024, kayan da ke shigowa ta Maraɗi sun yi tsada. Magidanta a ƙauyuka irin na ƙaramar hukumar El Allassane Maïreyrey da ke gundumar Mayahi sun ga illar dogaro da kasuwa hatta a kan abin da za a iya shukawa a tsakar gida.

Daga ina tayim ya fito?

Asalinsa ƙasashen da ke gaɓar tekun Bahar Rum ne, irin su Sifaniya da kudancin Faransa da Italiya, inda yake fitowa a busassun tuddai masu duwatsu. Masana na kiransa Thymus vulgaris, kuma dangi ɗaya suke da na'ana'a da ɗaɗɗoya. Tsayinsa ba ya cika wuce santimita 30.

Abin da ya fi ƙi shi ne ƙasa mai riƙe ruwa, domin saiwarsa na saurin ruɓewa. Ke nan jigawar Mayahi, wadda manoman gero ke kuka da ita saboda ba ta riƙe laima, ta dace da shi. Matsalarsa a nan biyu ce: zafin watannin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40, da kuma ruwan Agusta.

Yadda ake shuka shi

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon sanyi, daga Nuwamba, daidai lokacin da masu lambu a Gulbin Kaba ke fara noman rani. Ga mai shuka a gida, tsohuwar tukunyar ƙasa ko bokitin da aka huda gindinsa ya isa. A cika shi da rairayi, a gauraya da ɗan ruɓaɓɓen takin gida kaɗan, don yawan taki yana rage masa ƙamshi.

Irinsa ƙanana ne sosai, saboda haka ba a binne shi. Barbaɗa shi ake yi, a danna da tafin hannu, a riƙa yayyafa ruwa har ya tsiro, abin da kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Wanda ya samu ɗanyen reshe ya fi samun sauƙi: a yanko kamar tsawon yatsa, a cire ganyen ƙasa, a dasa. A fili kuwa, a bar tazarar santimita 25 zuwa 30.

Idan ya kama, kada a ba shi ruwa sai saman ƙasar ya bushe. Da bazara a matsar da tukunyar inda za ta sha hantsi ta samu inuwa da rana tsaka. Da damina a ɗora ta a kan dutse ƙarƙashin rumfa.

Amfaninsa a gida

Ana yankar kan rassan da safe kafin ya yi fure, a shanya a inuwa, a adana a kwalba mai murfi. Busasshen ya fi ɗanyen ƙarfi, don haka cokali ɗaya na busasshe yana tsayawa a madadin uku na ɗanye. Tun farkon girki ake zuba shi a farfesu ko miyar tumatir, saboda yana jure dahuwa.

Ganyen na ɗauke da sinadarin taimol mai kashe wasu ƙwayoyin cuta, wanda ake sakawa a ruwan kurkure baki irin su Listerine. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya na tari mai majina lokacin mura. Sai dai tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da jini ko zazzaɓi, na asibiti ne. Ba a shan tataccen mansa, kuma mai juna biyu ta tsaya a kan ɗan abin da ake sakawa a girki.

Wanda tayim ɗinsa bai tsallake bazara ba, kada ya karaya. Ya ajiye busasshen da ya girba, ya shuka ɗaɗɗoya da damina tunda ita ta saba da zafin Sahel, sannan ya sake gwadawa idan Nuwamba ta zagayo.