Iskar da Muke Shaƙa a Sagnarigu



Tun muna karatun Ishmawi aka koya mana cewa ana duba ruwa ta abu uku: launi, ɗanɗano da wari. In najasa ta canja ɗaya daga ciki, ba a alwala da shi. To, ruwan da mutum ke sha a yini bai cika wuce lita 2 ko 3 ba, amma iskar da ke shiga huhunsa takan kai lita 10,000. Mu nawa ne muka taɓa tsayawa muka duba ta?

Iskar nan gauraye ce. Kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, kashi 21 oksijin, wanda shi jiki ke buƙata, sauran kuma 'yan ƙananan iskoki ne, har da kabon dayoksaid da muke fitarwa. Allah Ya lulluɓe duniya da ita hawa-hawa. Hawa na ƙasa, inda girgije da ruwan sama da numfashinmu suke, a yankinmu tsayinsa wajen kilomita 16 ne kawai. Daga Tamale zuwa Savelugu ma ya fi haka nisa. Sama da shi akwai shimfiɗar ozon mai tare zafafan hasken rana masu ƙona fata. Ke nan sararin da muke ganin ba shi da iyaka, wanda ke ɗaukar hayaƙinmu ɗan siriri ne.

Kowa a nan ya san hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris iska ke busowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin da. Ƙurar takan yi yawa har jirgi ya kasa sauka a filin jirgin Tamale, wata ma takan haye teku har dajin Amazon. Wannan ba mu da iko a kanta, sai dai mu rufe hanci mu shafa man kaɗe.

Amma fa ba duk hazon da muke gani ba ne ya zo daga Chadi. Da yawa namu ne. Muna ƙona bola da ledojin ruwa a bakin kwata. Samari na cinna wa daji wuta don kama ɓera da gafiya. Wasu na babbaka da tsohuwar taya, hayaƙi baƙi ƙirin. Ga babura da yalo-yalo, ga itacen girki. Iyayenmu mata masu soya ƙwarar kaɗanya kuwa, yini suke a bakin murhu, wata da goyo a bayanta, kuma yaron nan yana shaƙar duk abin da uwar ta shaƙa.

Me ya sa abin ya fi muni da asuba? Da rana ƙasa na ɗaukar zafi, iska mai ɗumi ta tashi sama ta tafi da hayaƙi. A daren hunturu kuwa ƙasa na hucewa da sauri, sai iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta zauna a kanta kamar murfin tukunya. Hayaƙin bolar da aka ƙona bayan magariba ba ya zuwa ko'ina. Yana nan kwance a unguwa har mu fito sallar asuba, har ƙannenmu su kama hanyar makaranta. Shi ya sa a ganinmu, ƙona shara da yamma ya fi kowane lokaci cutarwa, kuma shi ne lokacin da muka fi yi.

Ƙura mai kauri, gashin hanci da majina na tare ta. Mai haɗarin ita ce wadda masana ke kira PM2.5, wadda silin gashi ya fi ta kauri wajen sau 30. Hayaƙi cike yake da ita. Tana wucewa can cikin huhu, har ta shiga jini, ta jawo tari, ta tayar da asma, ta kai ga ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska na sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 7 a kowace shekara.

Akwai kuma gubar da alamomin nan uku ba sa kamawa: kabon monoksaid. Ba launi, ba ɗanɗano, ba wari. Garwashin gawayi ne ke fitar da ita, haka janareta. Jini ya fi saurin riƙe ta sama da oksijin fiye da sau 200. In dare ya yi sanyi aka shigar da kurfoti ɗaki aka rufe ƙofa da taga, mutum zai fara jin ciwon kai da jiri, sai barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Don Allah, 'yan uwa, kurfoti ya kwana a tsakar gida. In kuka tarar da wani a wannan hali, ku buɗe ƙofa da taga, ku fito da shi waje, ku kai shi asibiti nan take ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi.