Kishin Asali: Gaba Yake Kai Mu ko Baya?

Akwai 'yan boko da ke ganin duk siyasar da aka gina a kan "mu" siyasar koma-baya ce. Ban yarda ba, kuma ƙasar Gwarzo da Kabo ta ishe mu misali. A shekarar 2019 gwamnatin Ganduje ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, ta cire waɗannan ƙananan hukumomi biyu daga Masarautar Kano ta sa su ƙarƙashin Ƙaraye. Masu murna suka ce birni ya daɗe yana cinye rabon karkara, yanzu sarauta ta zo kusa da talaka. Masu adawa suka ce an yayyaga gidan Dabo don ramuwar siyasa. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar. Kowane ɓangare da asali ya yi kirari, amma abin da suke nema ya sha bamban. Ashe kishin bai zo da alƙiblarsa ba, mai riƙe da shi ne ke juya shi.

Tarihin Kano ma haka ya nuna. Jam'iyyar NPC ta yi kiran Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ta kare sarakuna da wannan kira. NEPU kuwa, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, ta ɗauki kalmar "talaka", wadda a da alamar ƙasƙanci ce, ta mayar da ita tutar da manomi ke alfahari da ita. Wannan ma ai "mu" ce. Ita ta kai PRP, magajiyar NEPU, ga mulkin Kano a 1979, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, nauyin da manomin Getso da makiyayin Garo suka daɗe suna ɗauka.

Za a ce, to rikicin Kano na Mayun 1953 fa, da kisan Ibo na 1966? Gaskiya ne, kuma wanda ya raina wannan hujja bai san jini ba. Sai dai a dubi inda aka nuna yatsa. A can, baƙon da ke Sabon Gari aka ɗora wa laifi, masu mulki suka tsira. NEPU kuwa hakimi da ɗan doka na gida ta tuhuma, ta kuma ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe, duk da gorin da aka riƙa yi mata cewa ta sayar da Arewa.