Ranar da Aljihun Birtaniya Ya Gaza Ɗaukar Daularta

Yau shirin namu Ingila ya nufa.

A 1945 Birtaniya ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da nasara, tutarta na kaɗawa tun daga Indiya har Kano, amma baitulmalinta ya ƙafe. Ta sayar da kadarorinta na ƙetare don sayen makamai da abinci, ta ci bashi har wuya. Da Amurka ta yanke tallafin yaƙi, sai aka tura masanin tattalin arziki John Maynard Keynes zuwa Washington neman rance. Ya samo dala biliyan 3.75, da kuɗin ruwa a kai. Bashin nan, jama'a, sai a Disambar 2006 aka gama biyansa.

Ku dubi uwargida a Landan a 1946, tsaye a layi da katin rabon abinci a hannu, tana jiran burodi, abin da ko ana tsakiyar yaƙi ba a ƙayyade shi ba. A lokacin kuwa ƙasarta na ciyar da sojoji a Jamus, Falasɗinu, Masar da Indiya. Kaya ya fi ƙarfin jaki. A 1947 Birtaniya ta shaida wa Amurka ba za ta iya ci gaba da tallafa wa Girka da Turkiyya ba, a shekarar kuma ta bar Indiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har manominmu ya ɗauki nasa kason. Hukumar sayen gyaɗa takan biya shi ƙasa da farashin kasuwar duniya, a kai rarar Landan a ajiye, tana tokare darajar fam.

Asiri ya gama tonuwa a 1956. Shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin Suez hannun ƙasarsa, sai Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka far masa. A fagen daga suna samun galaba, amma fam ya soma zubewa, Shugaban Amurka Eisenhower kuma ya toshe wa Birtaniya rancen asusun lamuni na duniya, IMF, sai ta janye. Cikin 'yan kwanaki aka tsagaita wuta. Firaminista Anthony Eden ya sauka a Janairun 1957. Masu fafutukar 'yanci a ƙasashen da Birtaniya ke mulka, waɗanda da dama daga cikinsu sun daɗe suna matsa lamba, suka ƙara ƙaimi: Ghana ta karɓi nata a watan Maris, Najeriya a 1960.