Madara Ɗaya, Rubutu Biyu: Harsunan Slav da Haruffansu

In Barashe zai rubuta sunan madara, молоко yake sawa, wasalin "o" har sau uku. Amma da ya buɗe baki, abin da za ka ji ya fi kusa da "malako". Maƙwabcinsa na Belarus, wanda furucinsu kusan ɗaya ne, shi малако yake rubutawa, daidai yadda kunne ya ji. A kan wannan 'yar kalma kaɗai za ka ga tambayar da ta daɗe tana damun masu harsunan Slav: alƙalami ya bi baki ne, ko ya bi asalin kalma?

Tun farko haruffan aro ne, kuma rigar aro ba ta cika zama daidai wuya ba. A shekarar 863 aka tura wasu 'yan'uwa biyu daga birnin Tasalonika, Kiril da Metodiyus, zuwa ƙasar Morabiya domin wa'azin Kiristanci da harshen mutanen. Haruffan Girkanci ba su da sautuka irin su "sh" da "c", don haka Kiril ya ƙirƙiro nasa, waɗanda ake kira Gilagolitik. Bayan rasuwarsu, almajiransu a Bulgeriya suka ɗauki haruffan Girkanci suka cike gurbi da sababbi, aka sa wa rubutun sunan malaminsu Kiril: Sirilik. Daga cikinsu akwai ш mai haƙora uku, wanda masana da dama ke dangantawa da shin na Ibrananci, ɗan'uwan shin ɗin da almajiri ke rubutawa a allo.

Addini ne ya raba sauran. Masu bin cocin Otodoks, irin su Rashawa da Sabiyawa da Bulgeriyawa, suka riƙe Sirilik. 'Yan Katolika, irin su mutanen Foland da Cek da Kuroshiya, suka bi haruffan Latin, suka kuma ci karo da matsalar nan dai. Mutanen Foland suka haɗa baƙi biyu, sz, kamar yadda mu ma muka haɗa sh a boko. Shi ya sa sunan birnin Szczecin ke tsorata baƙo, alhali haruffa huɗun farko sauti biyu ne kacal, "sh" da "c". Mutanen Cek kuwa suka ɗora wa harafi alama a ka, š da č, dabarar da ake jingina tushenta ga malamin nan Jan Hus a farkon ƙarni na 15. Duk Bahaushen da ya san dalilin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Wanda ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne Vuk Karadžić, Basabiye ɗan ƙauye. A zamaninsa malamai na rubutu da wani gaurayen harshen coci da talaka ba ya magana da shi. A ƙamusunsa na 1818 ya zubar da haruffan da ba su da aiki, ya kawo sababbi irin su љ da њ, a ƙarshe ya tsaya a kan 30, kowane sauti da harafinsa guda. Har j ya aro daga Latin, abin da ya fusata shugabannin coci suka ce yana jan mutane zuwa Katolika. Ya rasu a 1864, sai a 1868 gwamnatin Sabiya ta amince da tsarinsa baki ɗaya. Yau Basabiye yana rubuta Srbin da b, amma srpski da p, domin haka bakinsa ke faɗa. A ganina babu kyautar da ta kai wannan ga yaron da ke koyon karatu.

Sai dai Rashawa ma suna da hujjarsu. Burodi a wurinsu хлеб ne, da b a rubuce, p a baki. Sun bar b ɗin ne saboda da an ƙara wa kalmar wasali a ƙarshe, sautin b ya dawo, ido kuma ya gane dangin kalma ɗaya ne. Kuɗin wannan sauƙi 'yan makaranta ke biya, da shekaru na haddar inda "o" ke ɓuya. Su ma sun yi shara a 1918, lokacin da aka kori ѣ, harafin da furucinsa ya riga ya zama ɗaya da е, yanzu suna da 33.

Ba kullum kunne ke yanke hukunci ba, wani lokaci masu mulki ne. Harshen Yukren yana da г mai sauti kusa da "h", da kuma ґ na "g". A 1933 hukumomin Tarayyar Sobiyet suka soke ґ daga rubutu, mutane suka ci gaba da furta sautin a gidajensu ba tare da harafinsa ba. Sai a 1990 aka mayar da shi gurbinsa, bayan shekara 57.