Tiyatar Ƙara Girman Nono: Abin Da Ya Kamata Mata Su Sani

Kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu ta yi aure har da ɗa ɗaya, ta zo gaishe ni a gida. Bayan mun gaisa sai ta yi shiru, can ta ce, "Malam, kai ka yi karatu, mene ne gaskiyar tiyatar ƙara girman nono?" Ashe ta daɗe tana shafa mayukan da ake tallarsu a kasuwar zango ba ta ga komai ba, har ta fara tara kuɗin tafiya ƙasar waje. Na ga ya dace amsar da na ba ta ta isa ga sauran 'yan'uwa mata.

Da farko dai, babu wani man shafawa ko ƙwaya da likitoci suka tabbatar yana ƙara girman nono. Abin da ake yi a asibiti shi ne a tsaga fata a sa wata 'yar jaka ta silikon, cike da ruwan gishiri ko kuma silikon mai kauri. Likitoci biyu a birnin Houston na Amurka, Thomas Cronin da Frank Gerow, su ne suka fara sa wa wata mace irin wannan jaka a shekarar 1962.

Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma galibi sai an sa mace barci. Likita yakan tsaga a ƙarƙashin nono, ko a gefen baƙin kan nono, ko a hammata, sannan ya ajiye jakar a bayan naman nono ko a ƙarƙashin tsokar ƙirji. Kwanakin farko akwai ciwo da kumburi da jin ƙirji ya ɗaure. Za a ba ta rigar mama ta musamman, a kuma hana ta ɗaukar kaya mai nauyi har wajen mako huɗu zuwa shida. Wato ba daka, ba jan ruwa a rijiya, ba goyo. Nonon ba ya zama daidai sai bayan wasu watanni, tabon kuma yakan dusashe amma ba ya ɓacewa.

Babban abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, jakar ba ta har abada ba ce. Da yawa daga cikin matan da aka yi wa aikin sukan sake komawa tiyata. Jiki yakan yi wata fata ya kewaye jakar, wani lokaci fatar ta taurare ta matse ta, nono ya yi tauri da zafi. Jakar kuma tana iya fashewa. In ta ruwan gishiri ce, nono zai saɓe a gane nan da nan. In ta silikon ce, tana iya fashewa mace ba ta sani ba. Shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a ɗauki hoton ƙirji bayan shekara 5 ko 6, sannan duk shekara 2 ko 3. Mata da yawa sukan iya shayarwa bayan aikin, amma wasu ruwan nononsu yakan ragu, wasu kuma kan nonon ya daina jin taɓawa.

Tarihi ma ya ishe mu darasi. A 1992 Amurka ta dakatar da sa jakar silikon don kwalliya, ba ta sake amincewa ba sai 2006. A 2010 hukumomin Faransa suka gano kamfanin PIP yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, kuma a 2013 kotu ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara 4. A 2019 kamfanin Allergan ya janye wasu jakunkunansa masu kaushin baya saboda alaƙarsu da wata sankara wadda ba ta cika faruwa ba.

Saboda haka duk wadda ta ƙuduri yin aikin, ta tabbatar likitan ƙwararre ne mai rajista, a asibitin da ke da likitan sa barci. Ta karɓi takarda mai ɗauke da sunan kamfanin jakar da lambarta. Ta tambayi wanda zai duba ta in matsala ta taso bayan ta dawo gida. Kada ta yarda wani ya yi mata allurar silikon ko mai a ɗaki, domin yana iya bin jini ya kai huhu ya yi kisa. Wadda aka cire wa nono saboda sankara, ita ma akan yi mata irin wannan gyara, amma da shawarar likitanta.

Ɗalibata ta saurara har ƙarshe, ta ce za ta fara ganin likitar mata kafin ta taɓa kuɗin da ta tara. Na ce mata hakan ya fi, domin rigakafi ya fi magani.