ARAHA BA TA ADO: YADDA AWAKI SUKA KOYA MINI ZAƁEN WAYA

Yau hirar tamu ba ta kwalliya ba ce, ta lambu ce.

Ina da ɗan fili a bayan gidanmu inda na shuka alayyafo da yakuwa da tumatir. Da kuɗinsu nake zubin adashi, don in rage wa Baba nauyin kuɗin jarrabawata. Da fari danga na yi da karan dawa, gara ta cinye ta. Sai na sayi wata siririyar raga mai ƙyalli saboda araha. Damina ɗaya ta yi tsatsa ta ruɓe daga ƙasa. Ranar wata Juma'a na leƙa da safe, wayyo Allah! Awakin maƙwabciyarmu sun kutsa sun yi wa lambun ƙarƙaf. Na yi kuka har idona ya kumbura, saura ƙiris zumuncin Inna da matar nan ya lalace a kaina.

Yayana ne ya ɗauke ni zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano, inda ake sayar da kayan gini. Wani dattijo mai shago ya saurari labarina ya yi murmushi.

"'Yata, wa kike son ki tsare, kaza ko akuya?"

Na ce, "Baba, duka biyun."

Ya ce, "To ai ragar kaji kika saya. Akuya jingina take yi tana soshe jikinta, dole ta karya ta."

Ga abin da na koya, ki riƙe shi da kyau 'yar uwa.

Na farko, kaurin waya da lamba ake gane shi, ita ce geji. Ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Geji 20 siririya ce, ta kaji. Don awaki ki nemi 12 zuwa 14.

Na biyu, ki ce a ba ki wadda aka yi wa ruwan zinki, irin na kwanon rufi. Shi ke hana tsatsa. Baƙar wayar ɗauri kuwa ba ta jure ruwa.

Na uku, tsayin ragar ya kai ƙafa 4, idonta kada ya wuce inci 4, don kada akuya ta zura kai. Daga ƙasa sai ki ƙara ragar kaji mai idon inci 1, ki binne bakinta kaɗan.

Na huɗu, ki zagaye filin da igiya ki auna kafin ki fita, ki ƙara yadi 2 saboda ƙofa da kwana. Turaku kuma ki kafa su duk bayan ƙafa 6 zuwa 8.

Waya mai ƙaya fa? Indai akwai ƙanne a gida, ki rabu da ita, yanka take yi.

Kuɗin ya ci adashina guda, har na ji ɗaci. Amma damina biyu ke nan ragata tana tsaye ƙyam. Na shuka lalle ta ciki a jikinta, ga shinge ga kayan ƙunshi. Maƙwabciyar tamu ma yanzu ita ce babbar mai sayen alayyafona.

Inna ta ce haka zaɓen miji yake, a dubi ƙwari, kada ƙyalli ya ruɗe ki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.